Jan Ƙyallen Kunnen Nakpo

Angyal ya 'yanta Nakpo ne a ƙarshen hunturu, watan da tarin matarsa Chokyi ya fara zuwa da jini. An sha saiwa, an sha ƙwayoyin asibitin da ke can ƙasa tafiyar kwana huɗu, tarin ko gezau. Sai lama, malamin gidan ibadarsu, ya ce a fanshi rai da rai. Mutum ya zaɓi dabbar da ya fi ji da ita ya sake ta: ba yanka, ba sayarwa, ba a ƙara ɗora mata ko ƙunshin gishiri har ta mutu don kanta. Muddin an riƙe alkawarin, kwanan da aka bar wa dabbar yana komawa kan majinyaci.

Yak biyar gare shi, shanun tsauni masu dogon gashi. Huɗu 'yan bana-bakwai ne masu taurin kai, kaya kawai suka sani. Na biyar shi ne Nakpo, baƙi wuluk, shekara goma sha ɗaya yana jan ayari, kuma duk kwarin shi kaɗai ne yake yarda mutum ya hau bayansa. Shi Angyal ya ja zuwa gidan ibada. Lama ya shafa masa man shanu a goshi da ƙaho, ya ɗaura masa jan ƙyalle a kunnen dama, shi ke nan. Kafin sha'ir ya fitar da kai, Chokyi ta miƙe tana cire ciyawa a gona. Angyal ba mai yawan tambaya ba ne. An ce a yi, ya yi, ta tashi.

Da kaka ta kama, Turawa suka fara hawowa Dolpo kamar kowace shekara. Sukra, ɗan jagoran da ke kawo su daga Kathmandu, ya iso da mutum shida masu son ganin tsohon gidan ibadar da ke bayan mashigar tsauni ta Nyima. Kwana biyar zuwa, huɗu dawowa. Yana buƙatar dabbobin kaya.

Ranar tafiya da safe Chokyi ta fito bakin ƙofa lulluɓe da bargo, yayarta Bhuti na riƙe da ita, don sanyin kaka ya soma dawo mata da tarin kaɗan-kaɗan.

"Kai tsohon nan, ka manta jakar garinka," in ji ta. "Ko abincin Turawa za ka ci, ka dawo kana gudawa kamar bara?"

"Bara ruwa ne ya yi min, ba abinci ba."

"Ruwa ne ya ci gwangwanin kifi uku?"

Bhuti ta fashe da dariya. Angyal ya karɓi jakar ya kaɗa dabbobinsa huɗu. Ƙararrawar wuyansu na fara kaɗawa, sai ga Nakpo ya gangaro daga tudu, ya ratsa su, ya tsaya a gaba inda ya saba tsayawa. Angyal ya daka masa tsawa, ya kaɗa hula, ya ɗauki dutse. Sai ya tuna, ya ajiye dutsen.

"Bar min mijina na biyu," in ji Chokyi. "'Yantacce ne, inda ya ga dama zai je. Ya ma fi ka gashi." Ta yi tari, ta goge baki da bargo. "Ka dai kula min da shi. Numfashina ne yake yawo da shi."

Haka aka tafi, Nakpo a gaba bayansa fayau, huɗun a baya suna nishi da tantuna da tukwane. Turawa suka yi ta ɗaukarsa hoto. Sun ɗauki tutocin addu'a, sun ɗauki duwatsun rubutu, sun ɗauki wata tsohuwa tana cire ƙwarƙwata, amma Nakpo ya fi kowa shan hoto tun da Sukra ya fassara musu labarin jan ƙyallen.

A cikinsu akwai wani ƙato mai farin gemu, Rolf, ya haura sittin. Ko tarin duwatsu ya gani sai ya haɗa tafuka ya sunkuya. Kullum da safe yana ba Nakpo biskit. Sukra ya ce shekara talatin mutumin yana mafarkin wannan gidan ibadar. Tun kwana na uku Angyal ya lura yana dafe kai in ya ga ba mai kallo, abincinsa kuma yana komawa tukunya.

"Mutuminka tsauni ya kama shi," ya ce wa Sukra.

"Na tambaye shi, Dai, ya ce lafiya lau," in ji Sukra. Dai yake kiransa, wato yaya.

"Tambayarsa za ka yi? Dubi leɓensa."

"In na mayar da shi ƙasa a kan ciwon kai, ya kai ƙarata, kai za ka ciyar da 'ya'yana?"

Suka haye mashigar a kwana na biyar, suka gangara cikin kwarin da gidan ibadar yake. Kwarin nan kamar kwano yake: duk inda za ka fita sai ka hau tukuna. Sauran biyar suka shiga suka ga zanen bango da gumakan tagulla. Rolf matakala bakwai ya taka ya zauna. Daga nan ya yi tasa ziyarar.

Da gari ya waye dusar ƙanƙara na zuba, sama da ƙasa sun zama abu ɗaya, ba rana ba alamarta. Ƙirjin Rolf na ƙara kamar tukunyar da ke tafasa. Sukra ya hau kan dutse da wayarsa yana ihu, ya sauko fuska a murtuke: jirgi mai saukar ungulu ba zai shigo cikin wannan hazon ba, sai dai a tsallake da shi mashigar a kai shi bakin kogi. Ciwon tsauni magani ɗaya gare shi, sauka. In ya sake kwana a nan, gawa za a sauke.

Aka gwada goya shi a kwando. Kuku da 'yan dako biyu suka yi karɓa-karɓa, taku ɗari ba su cika ba suka zube cikin dusar, mutumin ya yi biyun kowannensu. Aka gwada ɗaya daga cikin huɗun. Ƙafar Rolf na taɓa haƙarƙarinsa ya yi tsalle ya watsar da sirdin, saura kaɗan ya tattake kuku.

Nakpo na tsaye gefen katanga yana tuƙa, dusa ta taru a bayansa. Kowa ya san inda idon kowa yake.

"Dai," in ji Sukra.

"A'a."

"Ban ma faɗa ba."

"Kar ka faɗa."

"Mutum ne fa zai mutu a hannunmu."

"Ni ma mutum na baro a gida."

"Rabin yini ne kawai. Ka sauke shi a bakin kogi ka sake sakinsa. Wa zai sani?"

"Wa zai sani? Kai ɗan birni, da wa kake zaton na yi alkawarin, da mai gari?" Angyal ya tofar da yawu. "Wa ya aike shi? Mu da aka haifa a nan hanyar sauka muke nema, shi ya tsallako teku don ya hau. Tun kwana uku da suka wuce na gaya maka ka juya da shi."

"Ka gaya min. Laifina ne, na ɗauka. To, a kashe shi don laifina?"

Angyal ya bar shi tsaye ya shiga gidan ibadar. Tsohon mai tsaron wurin na zuba mai a fitilu. Angyal ya zayyana masa komai, ya ce, "Wanne ya fi nauyi?"

Tsohon ya daɗe yana goge yatsunsa a riga. "Ɗana, ni share ɗaki nake da kunna fitila. Ban karanta wannan wurin ba."

Ya fito. An jingina Rolf da buhun tanti. Daidai lokacin ya yi tari, kumfa ja-ja ta faɗo kan farar dusar. Angyal ya san wannan launin. Wata uku yana goge shi daga bakin Chokyi. Ya san kuma yadda idon mai neman iska yake bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ba ya roƙo, kallo kawai.

Ya je wajen Nakpo ya kwance jan ƙyallen da yatsun da suka ƙage don sanyi, ya cusa shi cikin ƙirjin rigarsa. Ya sani sarai cire ƙyalle ba ya cire alkawari. Ya dai kasa ɗora sirdi yana kallonsa ne. Da ya yi fatan dabbar ta ƙi, ta yi tsalle kamar ɗan'uwanta, a ce an gwada. Ina. Nakpo ya tsaya cak, har da gyara tsayuwa, kamar wanda aka mayar wa da abinsa.

Mutum huɗu suka ɗaga Rolf, aka ɗaure shi da igiya. Nakpo ya sa ƙirji ya fasa dusar, mutane na bin sawunsa. Sau biyu ya durƙusa a hawan, sau biyu ya tashi. Kafin haske ya ɗauke sun kai bakin kogi, kuma tun a nan ƙarar ƙirjin Baturen ta fara lafawa. Da aka cire sirdin, igiya ta saɓule fatar bayan Nakpo, faɗin tafin hannu.

Washegari sama ta buɗe, jirgi ya zo ya ɗauke Rolf. Ya kama hannun Angyal yana ta magana. Angyal ya zare hannunsa, ya bar wa kuku dabbobin huɗu, ya kama hanyar gida. Tafiyar kwana uku ya yi ta a biyu, Nakpo na biye da shi.

Tun daga gada ya ji gangar lama na fitowa daga gidansa.

Bhuti ce ta tare shi a ƙofa, idanu a kumbure. An riga an kai gawar Chokyi kan dutse kamar yadda ake yi wa mamaci a nan, ungulaye sun gama aikinsu tun jiya. Ko gashinta bai samu ya gani ba.

"Yaushe?" in ji shi.

"Ranar da dusa ta sauko."

Ya dafa bango. "Wane lokaci?"

"Ban sani ba."

"Achi, yayata, wane lokaci? Da safe ko da rana?"

"Na ce ban sani ba! Dusa na zuba a kan sha'irin da ba a kwashe ba, duk gari ya fita gona, har masu ciki. Ita ta ce in tafi. Na gama tatsa, na haɗa mata shayi da man shanu, na bar ta zaune tana zagin kare. Da na dawo haske ya fara ɗaukewa, na same ta jingine da bango, kofin na gefenta, man ya daskare a sama." Ta dube shi, ta dubi bayansa, inda Nakpo yake tsaye ƙudaje na bin gyambon. Ta dubi kunnen. Ta koma ciki.

Abin da Angyal yake so ya sani ɗaya ne. In ta riga sirdin tafiya, to kwananta ne ya ƙare, shi kuma ya ceci wani. In sirdin ya riga ta, da hannunsa ya yi. Tsakanin tatsar safe da faɗuwar haske akwai yini guda cur, kuma ranar ba a ga rana ba balle a ce ta kai kan dutse kaza.

Ya tambayi maƙwabta ko wani ya ji tarinta da hantsi. Ya tambayi wadda ta wuce ɗiban ruwa ko ta ga hayaƙi a rufin. Wannan ta ce ta gani, gobe ta ce kila gidan kusa ne. Ya je wajen lama.

"Ka ceci ran mutum," in ji lama. "Aiki ne babba. Ita ma za ta samu rabonta a ciki."

"Ba lada na zo tambaya ba. Ni na kashe ta ko ba ni ba?"

"Ba haka ake auna waɗannan abubuwa ba, Angyal."

"Da ka ɗaura ƙyallen haka ka auna min. Ka ce rai da rai."

Lama ya sunkuyar da kai kan littafinsa.

Hunturu ya zo ya wuce. Mutane suka fara sauya hanya in sun hango shi, don sun san tambayar. Gyambon Nakpo ya warke, farin gashi ya fito a wurin, ana hango shi daga nesa a baƙin bayan. Ƙyallen na nan cikin rigar Angyal. Ya mayar a kunnen, don wa? Ya jefar, ya kasa.

Da kaka ta zagayo Sukra ya dawo da wasu Turawan, da saƙo a ambulan. Rolf na gaisuwa, ya warke sarai, har ya yi jika. A ciki akwai hoto: Angyal na jan igiyar sirdi, dusa na zuba, Nakpo tsaye. Ashe ko a wannan halin akwai wanda ya ciro na'urarsa.

"Mene ne wannan rubutun a ƙasa?" Angyal bai iya karatu ba.

"Lokacin da aka ɗauka ne, Dai. Na'urar ke sa shi da kanta. Ƙarfe goma da minti arba'in."

"Goma da arba'in," in ji Angyal. Ya sake maimaitawa a hankali. Yanzu ya san nasa lokacin har da mintinsa. Nata kuwa ba na'urar da ta ɗauka.

"Za ka ba mu dabbobi bana?"

"Ku ɗauka. Ku nemi mai kora."

Da safe ƙararrawa ta kaɗa, Nakpo ya gangaro daga tudu ya shige gaban ayari. Angyal bai ko ɗaga kai ba. Ya tsallaka gidan Bhuti, ya same ta tana kaɗa nono, ya tsuguna a bakin ƙofa da hoton a hannu.

"Achi, kofin nan. Rabi ta sha, ko ko kurɓa ɗaya?"

Bhuti ta ci gaba da kaɗa nononta.