Ƙofar Pettway

Lavelle Pettway yana zaune cikin bahon ƙanƙara na kashe ciwon jiki, ruwa har ƙirji, lokacin da Hoyt ya shigo ɗakin da 'yan wasan ƙwallon Amurka ke canja kaya. Nan take hira ta mutu. Mai ɗaure takalmi ya ƙara sunkuyar da kai, mai waƙa ya haɗiye waƙarsa.

Hoyt siririn mutum ne mai tabarau, bai taɓa buga ƙwallo ba, bai kuma taɓa taka ƙasar Turkiyya ba, amma Baturke ake ce masa, domin haka ake kiran duk wanda kulob ke aikowa ranar rage 'yan wasa. Yau ce ranar. Kafin yamma sai an tace jama'ar nan an bar mutum hamsin da uku, sauran kowa ya kama gabansa. Wanda Baturke ya dafa wa kafaɗa kuwa ba ya tambayar dalili.

"Baba Pettway, ko nutsewa ka yi a ciki sai ya tsamo ka," in ji Keon Batiste daga bahon da ke kusa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Rufe mini baki, yaro. Ranar da na fara wasan nan kana fitsarin kwance."

"Shi ya sa nake ce maka Baba ai."

Keon yana da bakin tsokana saboda ya san babu mai taɓa shi. Bana aka ɗauko shi daga jami'a, ga gudu kamar an koro shi. Wurin tsayuwarsu ɗaya da Pettway, ƙarshen layin masu tsaro ta hagu, wurin da ke da aiki biyu. In abokan karawa suka miƙa wa mai gudu ƙwallo, sai ka toge a gefe, ka tare ƙaton da aka turo maka, ka hana mai gudun fita ta waje, ka kora shi ciki inda 'yan uwanka za su danne shi. Wannan shi ne riƙe ƙofa. In kuwa mai jifa ya ja da baya zai jefa ƙwallon, sai ka zagaye ƙaton ka maka shi da ƙasa kafin ya saki. Wannan shi ne kaye. Kaye ake nunawa a talabijin, don kaye yara ke sayen riga mai lambarka. Riƙe ƙofa kuwa babu mai lissafa shi sai gwiwarka.

Shekara tara Pettway yana riƙe da ƙofar hagu a kulob ɗin nan. Shi zai sha karo da ƙatti biyu, wani ya zo ya kama mai gudun, a kira sunan wani a lasifika. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Da can abin bai dame shi ba. Sai da Keon ya zo ya yi kaye uku a wasannin gwaji, kowanne da rawarsa, sannan wakilin Pettway, mai nema masa kwantiragi, ya kira shi a waya ya ce, "Ka ji ni da kyau, ɗan'uwa. Zamani ya canja, yanzu jifa ake yi. Babu mai ajiye tsohon da ba ya kaye. Guda ɗaya tak ka yi a wasan ƙarshe, sauran ka bar mini."

Jiya aka yi wasan gwajin na ƙarshe.

Hannun Hoyt da ya sauka a kafaɗarsa ya fi ƙanƙarar sanyi. "Pettway, Koci yana son ganinka. Ka taho da littafin dabaru."

Keon ya daina dariya, ya kau da kai. Pettway ya fito daga bahon, ya goge jiki, ya sa kaya a tsanake. Ya hau bene yana jan ƙafar hagu. A aljihunsa waya tana ta motsi, ya san Rochelle ce, matarsa. Makon jiya 'yarsu ta shiga sabon aji, kuma shi da bakinsa ya ce musu bana babu inda za su.

Koci Broussard, mai horar da 'yan layin tsaro, shi kaɗai ne a ofis, da tsinken sakace a baki kamar kullum. Ya rage fitila, ya kunna allon bango.

"Zauna, Lavelle."

Pettway ya tsaya a bakin ƙofa. Tun da suke, mutumin nan bai taɓa kiransa Lavelle ba, sai dai Pettway, ko "kai ƙato".

"Koci, ba sai ka nuna mini ba. Ai ina wurin."

"A'a, ba ka wurin. Matsalar ke nan. Zauna ka ga inda ya kamata a ce kana."

Bidiyon ya fara tafiya a hankali. Ga Pettway a gefen hagu, hannu ɗaya a ƙasa. Aka saki ƙwallo. Ƙaton da ke gabansa, maimakon ya tare shi, sai ya ɗan kauce ya buɗe masa hanya ta ciki. Can baya ga mai jifa yana ja da baya, kafaɗa a juye.

Broussard ya tsayar da hoton. "Me kake faɗa wa yaran nan in ƙato ya buɗe maka hanya a banza?"

Pettway ya ƙura wa allon ido.

"Da kai nake."

"Tarko ne."

"Tarko ne. Da kunnena na ji kana koya wa Keon."

Hoton ya ci gaba. Pettway ya ga kansa ya afka ta hanyar da aka buɗe masa, ya rungumi mai jifa ya yi ƙasa da shi. Kaye mai kyau, irin wanda ya yi ta mafarkinsa. Sai dai babu ƙwallo a hannun mutumin. Tuni ya zura wa mai gudu ita a ciki, mai gudun kuma ya fice ta ƙofar hagu, wadda babu ko kare a bakinta, ya miƙe har ƙarshen fili ya ci maki, ba wanda ya taɓa ko rigarsa.

Abin da ya biyo baya shi ne Pettway ba ya son gani. Ya ga kansa ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama, har ya fara taka rawar nan ta Keon. Filin ya ɗauki ihu a lokacin, shi kuma ya manta cewa a garin mutane suke wasa. Ya ɗauka shi ake yi wa. Daɗin da ya ji a 'yan daƙiƙun nan bai taɓa jin irinsa ba, kuma shi ne yanzu ya fi komai ci masa rai.

Broussard ya kashe allon. "Wa ya ce maka kaye muke nema a wurinka?"

"Kowa, Koci. Wakilina, 'yan jarida, har mai yi mini aski."

"Ni na ce maka?"

"Kai ai ba ka cewa komai. Shekara tara ba ka taɓa ce mini na yi daidai ba. Yaron nan kuwa kullum sunansa na bakinka."

"Zaginsa nake yi!" Broussard ya cire tsinken ya jefar. "In na yi shiru a kanka ai ka yi daidai ke nan. Na ɗauka ka sani."

Pettway ya sunkuyar da kai.

"Ranar Laraba na shiga wurin manyan kulob," in ji Broussard, muryarsa ta yi ƙasa. "Suka ce Pettway ya tsufa, ba ya kaye. Na ce na ji, amma ku nuna mini rana ɗaya da aka wuce ta ƙofarsa. Aka bincika aka rasa. Suka ce to, a bar shi, Keon ya shiga in za a yi jifa, shi ya shiga in za a yi gudu. An gama magana, Lavelle. Da jiya ka tsaya kawai a inda ka saba tsayawa, da yanzu kana ƙasa kana cin abinci. Yau da safe suka kira ni. Ba wanda ya ce mini uffan, wannan suka kunna."

Pettway ya ji kamar har yanzu yana cikin bahon. Ashe abin da ya fita nema yana aljihunsa tun Laraba. Garin neman gira ya rasa ido.

"Sau ɗaya ne, Koci. Don Allah. Sau ɗaya a shekara tara."

"Na faɗa musu. Suka ce yaro in ya yi, a ce zai koya. Kai in ka yi, me za a ce?"

"To wani kulob fa? Ka kira mini wani."

"Zan kira." Broussard bai iya kallonsa ba. "Amma duk suna da bidiyon nan."

Pettway ya ajiye littafin dabarun a kan tebur. Suka yi musabaha. Broussard ya riƙe hannunsa ya daɗe, kamar zai faɗi abin da bai faɗa ba duk shekarun nan, sai dai ya ce, "Ka kula da gwiwar nan."

A ƙasa an riga an kwashe masa kaya an zuba a baƙar leda irin ta shara, an cire sunansa daga saman durowarsa. Kowa ya tafi fili, babu wanda zai yi wa sallama. Ya saɓi ledar a kafaɗa. Waya ta sake motsi, ya ciro ya kalli sunan Rochelle har ta katse.

Ya tura babbar ƙofar fita, zafin Agusta ya bugi fuskarsa. Daidai nan 'yan layin tsaro suka taso daga filin atisaye, hannuwansu cike da huluna da gorunan ruwa, Keon a gaba. Rana na dukan idonsa, bai lura da ledar ba.

"Baba Pettway! Riƙe mana ƙofa!"

Pettway ya sa kafaɗa ya tokare ta. Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, suna wari da zufa, wasu suna sunkuyar da kai da suka ga ledar. Bai saki ba sai da na ƙarshe ya shige.