Tallan Share-Hanji

A Damagaram ba kowa ya san fuskar Munira ba, amma muryarta har wanda ba shi da rediyo ya san ta, don yana jin ta daga shagon maƙwabci. Ita ke gabatar da shirin gaishe-gaishe na hantsi a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Sabon Gari, kuma ita ake ba yawancin tallace-tallace, saboda in ta faɗi abu sai ka ɗauka 'yar'uwarka ce ke ba ka shawara a tsakar gida.

Cikin tallan da aka ɗauka da muryarta akwai na Share-Hanji, maganin wankin ciki na Alhaji Mai Nasara. Ruwa ne baƙi-baƙi a gorar roba, ana sayar da shi a kasuwar Dole da tashoshin mota da kasuwannin ƙauye. Tallan na cewa a cikin kowane mutum akwai dattin shekara da shekaru manne a hanji kamar ƙanzo a gindin tukunya, shi ke kawo kasala da ciwon kai da basir. A sha safe da yamma har sai an ga baƙin ya fita. Itatuwa ne zalla, ba shi da illa ga yaro ko babba. Kwatancen ƙanzon nan ita ta ƙirƙiro shi ranar ɗauka, diraktan gidan, wanda ake kira Mushe Sha'ibu a Faransance, ya yi ta yaba mata.

Bayan sallar layya kasuwar maganin ke buɗewa sosai. An ci soye an ci gashi, ganye ya ɓace daga tukunya, ga zafi, ga ruwan famfo da ba ya zuwa sai ya ga dama, ciki sai ya ɗaure. A wannan lokacin tallan kan fita kafin shirinta, ya sake fita a tsakiya.

Wata safiya tana shirin fita aiki, Yakuba ya kira ta. Yakuba ɗan Goggo Inno ne, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta a ƙauyen Guna tun rasuwar uwarta har ta shiga lakwal, makarantar boko, a birni. Ya ce suna hanya cikin motar kasuwa, tsohuwa ba ta iya tsayuwa, tana magana ba a gane abin da take faɗi.

A gidan likita Munira ta tarar da ita kan gado, an sa mata ƙarin ruwa. Inno mace ce mai jiki, wadda har bara take noma gandunta na gero da kanta, amma ranar idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage, in ka tsunkuli fatar hannunta sai ta tsaya a tsunkule. Yakuba ya ce tun bayan salla ta yi kukan cikinta ya ɗaure, ta aika aka sayo mata gorar Share-Hanji a kasuwa. Da zawo ya fara sai ta ce aiki ne maganin ke yi. Ta ƙarar da gora ta sa aka ƙaro wata, tana jiran baƙin da aka ce zai fita.

Lokotoron da ya duba ta ya ce ruwan jikinta ne ya tsiyaye, gishirin da ke riƙe bugun zuciya ya bi shi, ƙodarta ma ta jigata. Ya ce a wannan watan ba ita ce ta farko ba. Munira ta tambaye shi ko da gaske akwai datti mai mannewa a hanji. Ya ce hanji kullum cikin share kansa yake, abin da yake bukata ruwa ne da ganye da motsa jiki, wanda kuma cikinsa ya ɗaure ya ƙi sakewa, ko ya ga jini, ya zo a duba shi. Yana faɗi yana rubutu, bai san da wa yake magana ba.

Da la'asar Inno ta dawo hayyacinta. Munira ta riƙe hannunta, ta tambaye ta me ya kai ta shan abu har gora biyu, ita da ta san filasko tun tana yarinya, ta san ɗan tsunkule ake jiƙawa a sha sau ɗaya a bari.

Inno ta dube ta ta ce, "To ba ke kika ce ba shi da illa ba? Da kunnena na ji ki."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Munira ta tashi ta gyara mata mayafi.

Washegari ta shiga ofishin Mushe Sha'ibu kafin shirinta, ta gaya masa abin da ya faru, ta roƙi a cire tallan, in ba za a cire ba a cire muryarta. Ya jajanta mata da gaske, har ya ce zai je ya gaida tsohuwar. Amma ya ce akwai kontira, yarjejeniya a rubuce, tsakaninsu da Alhaji, kuma tallan nan ne ke sayen man janareto a gidan da wuta ke ɗaukewa kullum. Ya ce gidan rediyo ba gidan likita ba ne, su abin da aka kawo suke faɗi, mai sha shi ke da hankalinsa. Ya ce ta yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara a sake dubawa.

Ta shiga situdiyo ta zauna gaban mikro. Idirisu, dattijon da ke kula da na'urori, ya saki tallan kamar kullum. Ta zauna tana jin kanta tana cewa ba shi da illa ga yaro ko babba, da wata 'yar dariya a ƙarshe da ta manta ta yi. Da jar fitila ta kama, maimakon ta fara da gaisuwar mutanen Hamdara da ke rubuce a gabanta, sai ta ce:

"Masu saurare, muryar da kuka ji yanzu tawa ce, ni Munira. Abin da ta gaya muku ban sani ba lokacin da na faɗe shi, yanzu kuma na san ba haka ba ne. Uwar da ta raine ni tana kwance a gidan likita saboda ta yarda da ni. Wanda cikinsa ya ɗaure ya sha ruwa da yawa, ya ci zogale da rama da tafasa da miyar kuka, ya taka ƙafarsa. In ya ƙi sakewa, ko kun ga jini, ku je a duba ku. Tsoho da yaro da mai ciki kada a ba su maganin zawo don na ce. Duk sa'ad da kuka sake jin tallan nan, ku sani mai muryar ta janye maganarta."

Ta gilashi ta ga Mushe Sha'ibu ya shigo da sauri yana yi wa Idirisu alama ya yanke. Idirisu ya sunkuya yana laluben wani abu a ƙasan tebur, bai ɗago ba sai da ta kai aya. Daga nan aka sa kiɗa. Kafin azahar an gaya mata ta zauna gida sai an neme ta.

Mijinta Kolo, malamin lakwal ne mai sanyin hali, ya ji maganar a wayar wani abokin aikinsa, don kafin ya taso an yanko ta ana ta turawa. Ya dawo gida bai yi mata faɗa ba, amma ya ce da ta yi shawara da shi. Ya tuna mata cewa Alhaji Mai Nasara ba baƙo ba ne, a unguwar Birni gidansu ke kallon gidan mahaifinta, shi ya riƙe ragon sunanta aka yanka. Ta ce ta sani, shi ya sa tun farko ba ta tambayi abin da ke cikin gorar ba.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Alhajin ya zo da kansa, da wasu dattawan unguwa biyu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, Kolo ya zauna gefe, Munira ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su. Mai Nasara dogo ne siriri, mai magana a hankali. Bai zo da barazana ba. Ya ce ubansa filasko da saiwoyi ya sayar a kasuwar Dole har ya mutu, ba wanda ya taɓa kiransa macuci. Ya ce shi kansa yana shan maganinsa, ga shi a gabansu. Ya ce mutanen da ke zuwa yi masa godiya sun fi a ƙirga, kuma talakan ƙauye da ke bayan Dakusa, wanda ba shi da kuɗin mota balle na ordinansi, maganin da likita ya rubuta, in an hana shi gorar nan me za a ba shi? In Inno ta sha fiye da kima, ai ko zuma aka sha fiye da kima sai ta yi illa.

Munira ta ce tallan bai faɗi kima ba, cewa ya yi a sha har sai baƙi ya fita. Ta roƙe shi abu biyu: a rubuta a jikin gora cewa ban da tsoho da yaro da mai ciki, kuma a daina cewa a yi ta sha. Ya ce in ya rubuta haka ya yarda ke nan maganinsa guba ne. Ɗaya daga cikin dattawan ya sa baki, ya ce abin da ya kawo su sulhu ne: ta koma rediyo ta ce ɓacin rai ne ya ɗebe ta, ta ba Alhaji haƙuri, shi kuma zai sa baki a mayar da ita aikinta.

Ta ce, "Baba, in don girmanka ne, zan durƙusa a nan in ba ka haƙuri har gobe, kai ubana ne. Amma in koma gaban mikro in ce wa mutane su sha, ba zan yi ba. Na faɗa sau ɗaya, ga Goggo can a kwance."

Mai Nasara ya ce, "Ɗiyata, garin nan ƙarami ne. Gidajen rediyon duka da tallana suke kunna wuta."

"Na sani, Baba."

Dattawan suka dubi Kolo, suna jiran ya tsawata wa matarsa. Kolo ya dube su. Sannan ya ce shi ma ya je ya ga tsohuwar, kuma abin da Munira ta faɗa a rediyo bai ji ƙarya a ciki ba. Suka yi addu'a a gajarce suka tashi. Ruwan da aka kawo musu ba wanda ya taɓa.

Ba a neme ta ba. Aka sake ɗaukar tallan da muryar wani saurayi, kalma ɗaya ba a canza ba, har ƙanzon. Ta nemi aiki a wasu gidajen, kowa ya yaba muryarta ya ce a dakata tukuna. A Birni wasu matan suka daina amsa gaisuwarta da sakin fuska, ana cewa boko ya sa ta tozarta uban unguwa. Share-Hanji kuma bai daina sayuwa ba, ko da yake Yakuba ya ce a kasuwar Guna mai tallansa ya koma can ƙarshen rumfuna, don mata na tsayawa su tambaye shi ko shi ne maganin da ya kwantar da Inno.

Abin da ba ta zata ba shi ne kiran waya. Lambarta ta shirin gaishe-gaishe tana hannun rabin gari, sai ga mutane na kira, ba don gaisuwa ba. Wata ta ce mijinta kullum sai ya sha gora kafin ya iya zagayawa, yanzu in bai sha ba ba ya iyawa sam. Wani dattijo ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce yana ganin jini tun damina, kunya ta hana shi gaya wa kowa. Munira ta ce musu ita ba likita ba ce. Amma ta koma wurin lokotoron nan, wannan karon ta gaya masa ko ita wace ce, ta kai masa tambayoyin. Shi ya ba da amsa, ita ta mayar da ita Hausar tsakar gida, ta ɗauka a wayarta cikin ɗaki ta tura wa masu tambaya, su kuma suka tura gaba. Ba mai biyanta. Dattijon nan ya je aka duba shi, aka ce sai an yi masa aiki a Yamai. Ɗansa ya kira ya gaya mata sun tafi, daga nan ba ta sake jin labarinsu ba.

Inno ta warke, sai dai ƙarfinta bai dawo duka ba, lokotoro ya ce ta bar noman rana. Munira ta so ta zauna wurinsu a birni, tsohuwa ta ƙi, ta ce ba za ta zauna garin da ake sayen ruwa a bido, jarka-jarka, ba alhali an ce ta yi ta shan ruwa. Da ta ji an kori Munira a kanta, ta yi ta faɗa, ta ce wa ya aike ta, ita da cikinta. Ta ce a kai ta wurin Mai Nasara ta gaya masa magana, ai tare suka yi wasan ƙasa, ta san shi tun ba shi da wando. Da ƙyar Kolo ya lallashe ta.

Ranar komawa Munira ta raka ta har Guna. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, tafasa ta fito kore shar a bakin hanya. Suna sauka daga mota Inno ta ƙi shiga gida, ta ce sai ta ga gandunta, don ta san Yakuba da shuka mai faɗi. Munira ta ce likita ya hana. Inno ta ce likita noma ya hana, bai hana kallo ba, ta karɓi sandarta ta kama hanya. Munira ta ɗauki gorar ruwan tsohuwar ta bi bayanta.