Layi Biyu Bayan Azahar

"Ƙara goga masa ƙuli-ƙulin nan," in ji Hedimasta Badaru. "Har yanzu sheƙi yake yi kamar goshin amarya."

Malam Hambali ya ce astagfirullah, ya shafa wa bangon littafin guntun ƙuli-ƙuli, ya sake cewa astagfirullah. Littafi na goma sha bakwai ke nan, saura ashirin da uku a akwati. Shi kuwa Hedimasta duk wanda aka gama shafawa sai ya karɓa ya ɗora a kujera, ya zauna a kai yana mutsu-mutsu don gefensa ya lanƙwashe.

Abin da ya jawo wannan aiki, da sassafe wani mai keke ya iso daga Gwaram da labari. Malam Manu, mai duba makarantu daga Birnin Kudu, ya fito zagaye, kuma bana ba ruwansa da farce ko kitson yara. Akwatin littattafai yake buɗewa. Makarantar da ya tarar da littattafanta fes, sai ya ce ba a karantawa, ya ɗaure akwatin a bayan babur ya kai wa wata. Makarantu biyu sun riga sun yi asara, yau kuma tasu ce a kan hanya.

Wata huɗu ke nan da zuwan akwatin daga Kano, a shekarar da kuɗin fetur ya sa gwamnati ta dasa makaranta a kowane ƙauye. Littattafan labarai ne na yara, masu hotuna. Hedimasta ya duba malamansa uku, ya ga babu mai amana kamar Malam Hambali, malamin addini, jikan tsohon limamin gari, sai ya danƙa masa makulli. To amanar ce ta yi yawa. A gidansu Malam Hambali ba a taɓa jin mutum ya ɗauki littafi ya karanta da kansa ba. Karatu a bakin malami ake ɗaukarsa, malamin ma a bakin nasa malamin ya ɗauka. Kuma babba ba ya miƙa wa yaro littafin da shi bai sauke ba. Don haka ya yanke cewa sai ya sauke littattafan nan ɗaya bayan ɗaya a gaban wanda ya san su, sannan ya san wanda ya dace da wane yaro.

Ina za a sami wanda ya san su? Ranar da aka yi tambayar, Hedimasta, don kada a raina shi, ya ce ai na jakin da ya shiga jirgin ƙasa ya karanta shi tun yana kwaleji. Bai taɓa ganinsa ba. Ƙaryar nan ta zame masa ƙarfen ƙafa, don tun daga ranar kullum bayan azahar Malam Hambali zai cire takalmi ya zauna a ƙasa gabansa, ya karanta layi biyu da bokonsa na yaƙi da jahilci, sannan ya jira sharhi. Hedimasta sai ya lumshe ido ya ce jakin nan ishara ce ga zuciyar ɗan Adam, jirgi kuwa duniya ce. Ana gamawa littafi ya koma akwati a kulle. Wata huɗu suna shafi na tara, jaki bai wuce sa ƙafarsa ta gaba a ƙofar jirgi ba.

Gaskiyar magana, labarin ya shiga ran Malam Hambali. Ko a gona yake sai ya tsaya ya dafa fartanya yana tunanin ko za a bar jakin nan ya shiga. Ya taɓa tambayar ƙarshensa, Hedimasta ya ce a Zariya yake tuba ya rasu.

"Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya," in ji Malam Hambali yana duban hannunsa da ya yi maiƙo. "Kuma wannan ha'inci ne."

"Ha'incin ya fi a tafi da jakinka Gwaram. Buɗe ciki ka shafa."

"Ciki? Kan rubutu? Ko za a kore ni ba zan yi ba."

Suna kan na talatin suka ji ƙarar babur.

Malam Manu ɗan siriri ne, mai gilashi, ba ya gaggawa. Ya sha ruwa, ya tambayi damina, sannan ya ce a kai akwati aji shida. Yara suka miƙe suka gaishe shi da ƙarfi, idanunsu duk a kan akwatin da ba su taɓa ganin cikinsa ba. Ya ɗauki littafi ɗaya, ya juya shi, ya kai hanci.

"Yaran garin nan suna son ƙuli-ƙuli."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe," in ji Hedimasta. "Da karatu."

Malam Manu ya buɗe littafin. Sai ya yi ƙas, irin ƙarar littafin da ba a taɓa buɗewa ba. Ciki fari fat, wasu shafukan ma a manne. Ya ɗauki na biyu, ƙas. Na uku, ƙas. Wata tururuwa ta fito daga bangon ta bi hannun rigarsa. Gumi ya karyo wa Hedimasta.

"Wa ke riƙe da makulli?"

Malam Hambali ya matso ya yi bayaninsa tsakani da Allah, bai rage komai ba, har da zaman bayan azahar. Malam Manu ya cire gilashi ya goge, ya mayar.

"Malam, littafi arba'in. Layi biyu kullum. Ka san yaushe za ka gama?"

"In da rai da lafiya..."

"Jikokin yaran nan ne za su karanta." Ya juya ga ajin. "Wa ya iya karatu a cikinku?"

Kafin ya rufe baki wata yarinya ta miƙe. Zahara'u ce, 'yar mai ƙosan bakin kasuwa, wadda ke karanta tsohuwar jarida kafin uwarta ta naɗe ƙosai a ciki. Tun zuwan akwatin babu ranar da ba ta tare Malam Hambali ta roƙe shi ba, kullum amsarsa sai an sauke.

"To, Malam, ga ɗaliba," in ji Malam Manu. "Zaɓa mata wanda ya dace da ita ta karanta mana. In ta karanta, akwati ya zauna."

"Ranka ya daɗe, ɗaya kaɗai na fara, kuma ban sauke shi ba. Yaya zan ba 'yar mutane abin da ban san ƙarshensa ba?"

Malam Manu bai yi musu ba. Ya rufe akwatin, ya zaro igiyar roba daga aljihu, ya fara ɗaurewa. Zahara'u ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana kallon igiyar. Nan Malam Hambali ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Wata huɗu yana tsare wa yara kayansu, ashe daga su yake tsarewa. Kuma, Allah ya sani, ya tuna jakin yana ciki da ƙafa ɗaya a ƙofar jirgi.

"Dakata."

Ya kwance igiyar da kansa, ya lalubo littafin, ya yi bisimilla, ya miƙa mata da hannu biyu.

Zahara'u ta fara daga shafin farko. Kafin a ce kwabo ta wuce abin da suka yi wata guda a kai.

"Ke, a hankali! Ba a tsaya an yi sharhi ba!" in ji Malam Hambali.

Ba ta ko ɗago ba. Ta kai shafi na tara, ta juya na goma. Jaki ya shige jirgi, ya zauna a kujerar manya, ya cinye hular mai duba tikiti. Yara suka fashe da dariya, wani ya faɗo daga benci. Zahara'u ma dariya ta ci ƙarfinta ta tsaya.

"To, sai me ya faru?" in ji Malam Hambali, har da buga ƙafa. "Ci gaba mana!"

Jirgi ya zo Zariya. Malam Hambali ya dafe ƙirji yana shirin salati. Jaki ya leƙa taga, ya sace raken wata mata, jirgi ya wuce. Bai tuba ba, bai rasu ba. Har Ikko ya je, ya ga teku, ya ɗanɗana, ya ce rijiyar garinsu ta fi, ya hawo jirgi ya dawo gida da ƙiba. Shafi ashirin da huɗu, ko kunu ba a gama sha ba a lokacin da ta ɗauka.

Malam Hambali ya juya a hankali ya dubi Hedimasta. Hedimasta ya dubi rufin kwano.

"Wataƙila wani bugun na karanta," in ji shi.

Malam Manu ya naɗe igiyarsa yana share hawayen dariya. A bakin ƙofa ya ce zai dawo bayan girbi, kuma a wannan karon yana so ya ga dattin a ciki.

Babur na tashi Malam Hambali ya tsaya kan akwatin yana tunani. Ƙa'idar gidansu dai ba ta faɗuwa: sai a bakin wanda ya sani. To amma ga shi yanzu an sami wadda ta sani. Ya kira yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba shi littafi, da sharaɗi: wanda ya kai ƙarshe ya zo ya biya masa. Ya duba fuskokinsu, ya ga malamai talatin da wani abu ya yi wa kansa a yini guda, biyu daga ciki majina na zuba.

Bayan azahar Zahara'u na zaune a benci gindin darbejiya, ta riga ta gama littafi na biyu, na wata akuya da ta zama alƙali. Malam Hambali ya zo ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gabanta, ya tanƙwashe ƙafa.

"Malama, na zo ɗaukar karatu."

Ta rasa inda za ta sa kanta, ta rufe fuska da littafin. Sai suka ji takun mutum a baya. Hedimasta ne. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya tattare babbar rigarsa.

"Malam Hambali," ya ce ƙasa-ƙasa, "ɗan matsa mini."