Ɗaki Tara Cikin Ashirin da Biyu

Ni mai haɗa wayoyin wuta ne, shekara ashirin da ɗoriya ina wannan sana'a, kuma ba na son a tsare ni da tambaya. Da aka ba ni aikin sabon ɓangaren wani asibiti, ɗaki ashirin da biyu, sai aka manna aikina a allon ofis da doguwar takarda guda: jan waya, kwana arba'in. Ta fi ta kowa tsawo, har wani daɗi nake ji in na kalle ta.

Duk Litinin Injiniya mai kula da ginin zai tambaye ni ina aka kwana, in ce kashi tamanin cikin ɗari. Mako uku a jere ina kashi tamanin. Ba ƙarya nake shararawa da gangan ba, wallahi haka nake ji a jikina. A na ukun ya ce muddin wuta ta hana a buɗe ɓangaren nan da wata guda, zai karɓe aikin ya ba wani. Mutum a shekaruna, aka karɓe masa aikin asibiti, wa zai ƙara kiransa?

A makon aka kawo wata mata ta riƙe jadawalin aikin. Siririya ce, ba ta da hayaniya, kullum da almakashi a aljihu. Ranar farko ta ɓare takardata ta yanka ta gida ashirin da biyu, kowane ɗaki da tasa, ina tsaye ina tafasa.

"Malam, ni ban iya lissafin kashi ba," in ji ta. "Mu je ka nuna mini. Ɗakin da na danna makunni fitila ta kama, shi ne gamamme."

"Hajiya, tun kina makaranta nake wannan aiki."

"Shi ya sa ba za mu daɗe ba."

Muka bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya tana dannawa. Tara suka kama. Sauran duk na taɓa su, nan waya a rataye, can akwati a buɗe, ba wanda na kammala. Da muka isa ɗakin tiyata ta tambayi babban akwatin rarraba wutarsa. Sai a lokacin na tuna da shi. Sai an yi odarsa daga kamfani, mako uku yake ɗauka kafin ya iso, ni kuwa na bar shi sai ƙarshe.

A tsaye ta buga waya aka yi odar. Ta tura masu fenti, da suka yi kwanaki suna jirana suna zagina a ciki, ɗakuna taran nan. Ni kuma ta ce ɗaki ɗaya a rana, kada in buɗe wani sai na rufe wannan.

"Ran Litinin kai za ka faɗi tara da bakinka," in ji ta. "Ni zan faɗi sauran."

Ran Litinin na faɗa. Injiniya ya miƙe zai fara faɗa, ta tare shi cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, aikin kwana arba'in in aka rubuta shi a layi ɗaya, ko mai yin sa ba ya ganin inda yake. Wanda ya tsara allon nan shi ya rufe mana ido."

Kowa a ofis ya san Injiniya ne da hannunsa ya tsara shi. Ya yi gyaran murya ya zauna, ya ce a ci gaba.

Akwatin ya iso saura kwana biyar wa'adin ya cika. Na haɗa shi a huɗu. Ranar da za a gwada, Injiniya da likitoci suka cika ƙofar ɗakin tiyata, ita tana can baya da takardunta. Na kai hannu kan makunni, sai na ji ba ni ya kamata ba. Na ja gefe.

"Hajiya, zo ki danna."

Ta ratso mutane ta danna. Fitilun suka kama gaba ɗaya, ni kuwa na juya fuska bango kamar mai duba waya, don kada a ga ƙwallar da ta cika mini ido.