Fulogi Shida a Fijon Baba

Rabon Ashiru da yayansa Ja'afaru su yi maganar arziki tun kafin mahaifinsu ya makance, shekara huɗu ke nan. Uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya a Wunti, amma in suka yi kiciɓis a zaure sai kowa ya kau da kai. Abin da ya hana su rabuwa bai wuce tsohuwar Fijo 504 ta mahaifin nasu, Malam Mudathir ba, farar mota da ta kusa zama sa'ar Ja'afaru.

Da ciwon suga ya cinye idon tsohon, sai ya raba musu aiki. Ja'afaru ya riƙa jigilar fasinja da ita zuwa Jos, Ashiru da yake bakanike ne ya kula da lafiyarta. Ranar ya kama hannun Ashiru ya ɗora a kan motar, inji na aiki, ya ce, "Wannan injin amanarka ne. Ni yanzu kunne kaɗai ya rage mini." Kuma ba faɗa ba ce kawai. Kullum bayan la'asar yana kan tabarma a ƙofar gida, kuma duk hayaniyar keke da babura, tun motar na shan kwanar layi zai ce ga ta nan. Wani lokacin har ya sa a gaya wa Ashiru fulogi ɗaya ya daina ci.

Shi kuwa Ja'afaru mutum ne mai son a san da shi. A tasha direbobi sun laƙaba masa kunkuru, a hawan Jos kuma sai su wuce shi suna danna masa hon. Abin ya ci masa rai. Wata Asabar sai ga shi a garejin Ashiru da akori-kura, a bayanta wani ƙaton inji ɗan Beljiyam mai fulogi shida.

"Sauke wancan tsohon mai fulogi huɗu ka ɗora wannan," in ji shi, ko sallama babu.

Ashiru bai ɗago daga tayar da yake kwancewa ba. "Baba ya sani?"

"Baba ne yake hawa tudun da fasinja?"

"Motarsa ce."

"In ba za ka iya ba ka fito fili. Job bakaniken Yelwa ya ce kwana uku sun ishe shi. Da ma ana faɗa, kai ban da juyen baƙin mai ba abin da ka ƙware a kai."

Da Ashiru ya yi shiru ya tafi ya gaya wa tsohon, da magana ta mutu a nan. To amma girman kai rawanin tsiya. Ya tuna motar da ba hannun baƙon da ya taɓa buɗe ta, a ce yau Job zai farke ta, a kuma ce don shi ya gaza ne. Ya jefar da sifana, ya ce a sauke injin.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Injin ya ƙi zama, sai da ya yanke ƙarafan da inji ke zama a kai ya yi waldar wasu. Giyabos ya ƙi haɗuwa, farfela ta yi tsawo aka rage ta, lagireto ya yi ƙanƙanta aka nemo babba. Kwana tara yana fama, Ja'afaru na leƙowa safe da yamma yana tsaki. A gida kuma kullum tsohon sai ya tambayi motarsa, Ashiru ya ce birki ake gyarawa, ƙaryar tana masa ɗaci a baki. Tsohon injin ya lulluɓe shi da tamfol a bayan gareji, yana lallashin kansa cewa ko yaushe ana iya mayarwa.

A rana ta goma aka murɗa makulli, inji ya tashi da wani gurnani mai taushi. Ashiru ya saita silo, wato bugun inji in mota na tsaye, da kunne har ta kwanta, kuma ya ji daɗin aikinsa, ya ji haushin kansa da ya ji daɗin. Ja'afaru ya karɓi makulli ya ce, "Ashe dai kana da rana," ya fizgi mota.

Da la'asar Ashiru ya riga shi isa gida, ya zauna a gefen tabarmar mahaifinsa. Motar ta shawo kwana. Tsohon bai motsa ba. Ta zo ta tsaya daf da su, aka kashe.

"Ashiru, baƙi muka yi?" in ji Malam Mudathir. "Ka ce su matsa gaba, nan wurin motata ne."

Ja'afaru ya fito yana kaɗa makulli. "Ni ne, Baba. Motarka ce, ta sami lafiya."

Tsohon ya miƙe ya lalubi motar. Ya shafa ƙofa, ya shafa madubi, ya bi gefenta da tafin hannu har gaba. Ya ce a tayar. Aka tayar. Ya karkata kai ya daɗe yana saurare.

"Shida ne," ya ce a hankali. "Ina nawa?"

"Yana gareji, Baba," Ashiru ya yi saurin cewa. "Gobe in Allah ya kai mu zan mayar."

"Wane gareji?" in ji Ja'afaru. "Tun da kana masallaci na sa 'yan gwangwan suka kwashe. Yanzu haka sun fasa shi. Tarkace ne, me za a yi da shi?"

Ashiru bai san lokacin da ya ci kwalarsa ba. Suka cakumi juna a jikin motar, mutanen layi suka fara tsayawa kallo.

"Sake shi," in ji tsohon, bai ko ɗaga murya ba. Ashiru ya saki.

"Ba sai na tambayi wanda ya yi aikin ba. Duk Bauchi mutum ɗaya ne yake saita silo haka, kuma ni na koya masa. Aiki ya yi kyau." Ya cire hannunsa daga jikin motar ya goge a rigarsa. "Ja'afaru ban yi mamakinsa ba, shi ya sa ban ba shi ajiyar komai ba. Kwana tara ina tambayarka, Ashiru, kana ce mini birki."

Ya juya zai shiga gida. Ashiru ya miƙa hannu zai riƙe shi yadda ya saba yi shekara huɗu, tsohon ya janye nasa. Ya lalubi bango da kansa, ya bi shi a hankali har ya sami ƙofar zaure.