Ɗan Lido a Ɗakin Injiniya

"Faɗi lamba, kowace iri ta faɗo miki a rai," in ji Baba Injiniya daga kan gado.

Iya, matarsa, ba ta ko ɗago daga ninkin kayan wanki ba. "Saba'in da tara."

"Shekarar aurenmu ke nan. Sake wata."

"To, sha huɗu."

"Lambar gidan nan."

"To ni ina zan samo maka lambar da ba ta da dangi?"

'Yar Sama ta sunkuyar da kai kan kwamfutar da ke cinyarta don kada a ga dariyarta. Haka duk gidan ke kiranta, saboda ɗakinta ne na ƙarshe a bene, kuma ba ta cika magana ba balle a samo mata wani sunan. Ta karanta ilimin kwamfuta a jami'a. Shi ya sa tsohon ya aika a kira ta, tun da yatsunsa suka daina yi masa biyayya.

Maganar ƙofar gida ce. Bayan ya bar aiki, Baba Injiniya ya haɗa wa gidan hayar nan wani ɗan akwati mai maɓallai a jikin babbar ƙofa. Kowace safiya akwatin ya zaɓi sabuwar lamba ya tura wa 'yan gida ta waya. Mai baƙo ya ba baƙonsa ta ranar, gobe ta mutu. An daɗe ana jin daɗin abin.

Sai ciwo ya kwantar da shi a gadon da ke jikin taga, ƙofar tana nan kusa da kunnensa. Kowane maɓalli da irin kukansa. Mutumin da ba ya iya tashi ba shi da aiki sai saurare, a nan ya ji abin da bai taɓa ji ba yana da ƙafa. Duk sanda aka ɗauke wuta ta dawo, waƙa ɗaya ƙofar ke rerawa. Akwatin yakan farka kamar ranar aka haife shi, ya fara zaɓe daga inda ya fara a ranar farko: lamba ɗaya, sai mai bi mata, sai mai bi mata, a jere kamar 'yan makaranta. Duk wanda aka taɓa ba wa lamba bayan an dawo da wuta, mai kawo iskar gas ne ko tsohon ɗan haya, yana yawo da mabuɗin gidan a kansa.

Tela, mai shago a ɗakin tsakiya, ya leƙo da awo rataye a wuya. Da aka yi masa bayani sai ya washe baki.

"Ai mun daɗe da ganewa, Baba. Ni daɗi ma nake ji. In wuta ta dawo ba sai na duba waya ba."

"Kun gane, ba wanda ya faɗa mini?"

"Mun zaci sauƙi ka yi mana."

Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. Iya ta tallafe shi, ta ba shi ruwa, ta fita da kofin. Ya bi ta da ido sai da labule ya rufe bayanta, sannan ya juyo ga 'Yar Sama.

"Likita ya gama nasa, kin sani. Ɗakin nan ne na farko daga ƙofa, tarina ne maigadin gidan. In ya yi shiru, ita kaɗai za ta kwana nan. Ba zan bar mata ƙofar da rabin unguwa ya haddace ba."

'Yar Sama ta gyara zaman kwamfutar a cinyarta.

Gyara biyu ake buƙata. Na farko, akwatin ya riƙa tuna inda ya tsaya ko da wuta ta tafi. Wannan sun gama shi tun jiya, shi yana faɗa, ita tana bugawa, wani lokacin ta ce a hankali, "Baba, a nan fa zai maƙale," shi kuma ya ce, "To gyara mana, ba don ado na kira ki ba." Na biyu shi ne dogon sirrin da akwatin zai riƙa ciro lambobinsa daga ciki, wanda babu mai iya cinka. A nan aka tsaya. Tela da aka tambaya ya ba da ƙarshen lambar wayarsa, da aka ce ya sake, ya ba da faɗin kafaɗar wani mai ɗinki.

"Kan ɗan Adam ba ya jefa abu a banza," in ji tsohon. "Kome ya faɗa, daga aljihunsa ya ciro. Tela, yaranka suna da lido?"

Aka kawo ɗan lidon, ƙaramin nan mai fuska shida, ɗigon gefe ɗaya har ya fara gogewa. Aka ɗora faranti a kan kujera kusa da gado.

Iya ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. "Caca a ɗakin mara lafiya? Me masu dubiya za su ce?"

"Su ma jefawa za su yi. Zo ki buɗe mana kasuwa, amarya."

"Amaryar da ta ga jikoki," ta ce, amma ta zo. Ta riƙe ɗan lidon da yatsa biyu kamar ƙwaro, ta saki. Biyu. 'Yar Sama ta buga.

Ranar, duk wanda ya shigo dubiya sai ya gaisa, ya yi addu'a, a miƙa masa faranti. Wata nas da ke hawa na biyu ta jefa da kayan aikinta a jiki. Wani tsohon abokin aikinsa ya jefa, ya zauna suna musu kan wanda ya fi wani furfura. Tela ya hura wa ɗan lidon iska yana kiran shida, sai ɗaya ta fito. Ya sake, ɗaya. Ya sake, ɗaya.

"A'a, wannan kam a soke," ya ce, ya kai hannu. "Wa zai yarda ba shiri ba ne?"

"Bar shi!" Muryar tsohon ta fito da ƙarfin da aka kwana biyu ba a ji ba. "Abin da ya faɗo shi ne. Da ka fara zaɓen mai kyau, ka koma aljihunka. Buga su, 'yata. Kar ki rubuta a ko'ina, kar kuma ki haddace."

"Baba, tawa lambar ma da ƙyar nake riƙe ta."

Aka kwashe da dariya. Tela ya rantse yau ya fara jin muryarta da kyau.

Kafin a cika adadin da tsohon yake so, barci ya fara fizgarsa. Jifan ƙarshe nasa ne. Iya ta sa masa ɗan lidon a tafi, ta riƙe masa wuyan hannu, ya buɗe yatsu kawai, ɗan lidon ya gangara.

Da la'asar 'Yar Sama ta kwance murfin akwatin, ta jona igiya, ta zuba masa sabon shirin. Saura gwaji, sai an ɗauke wuta. Ranar kuwa wutar ta zauna daram kamar baƙon da ya ji ƙamshin girki. Ta jira, ta leƙa ɗakin, ta ga yadda numfashinsa ke hawa da sauka da ƙyar. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta je ƙarƙashin matakala ta sauke babban makunnin gidan.

Keken Tela ya tsaya a tsakiyar ɗinki. "Wane mara tsoron Allah ne?"

"Ni ce," ta ce, ta mayar da wutar.

Wayoyi suka yi ƙara a ɗakuna. Ta fita waje, ta ja ƙofa, ta danna tsohuwar lambar da kowa ya sani. Ƙofa ta ƙi. Ta danna sabuwar, sakata ta buɗe. Ta koma ta sake kashewa, ta kunna, Tela yana salati. Wata lambar daban ta zo. Ta danna ta a hankali, maɓalli bayan maɓalli, yadda mai kwance zai ji.

Da ta shiga, idonsa a rufe yake, amma bakinsa ya motsa.

"Ban san wannan waƙar ba," ya ce. "Madalla."

Ya ƙara kwanaki kaɗan, masu sauƙi. Ya sha kunun da Iya ta dama ba gardama, ya tsokani Tela kan wata rigar da ya taɓa yi masa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wata hantsi ya ce a ɗaga labule yana son ganin rana a bango. Iya ta ɗaga, ta tsaya gyara ƙugiyar da ta maƙale. Da ta juyo, ya riga ya tafi.

Ranar an tokare babbar ƙofar da bulo, mutane suna shiga suna fita har rana ta yi sanyi. Da ƙafa ta ɗauke, 'Yar Sama ta sauko don ta rufe, sai ta hangi Iya ta riga ta, ta tsaya a kan matakala. Tsohuwar ta ture bulon da gefen ƙafa, ta ja ƙofar har sakata ta shiga. Ta ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen ta jijjiga shi sau ɗaya, bai motsa ba. Ta ɗan jima a haka, hannunta a wurin, sannan ta gyara mayafi ta shiga ɗaki.