Allurar Baba Tela

Wata bakwai ke nan rabon Baba Tela da taka ƙasa, tun ranar da santsin banɗaki ya kwashe shi ƙugunsa ya karye. Ɗakinsa a hawa na uku yake. Gado, taga guda mai kallon bangon maƙwabta, da keken ɗinki da aka lulluɓe da zane, iyakar duniyarsa ke nan. Mai aiki kan zo da safe, ta gama abin da ya kawo ta, ta kama gabanta.

Auta, 'yarsa da aure ya kai nesa, ita ta sa aka haɗa masa wayifai don ta riƙa ganinsa a waya. Shi kuwa Baba, bakinsa ba ya riƙe komai. Mai kitso ta hawa na biyu ta leƙo gaisuwa, ta tambayi lambar sirri, ya ce ta juya na'urar wayifan ta duba, tana nan rubuce a gindinta. Kafin mako ya zagayo, kowa a benen ya haddace ta.

To fa! Da la'asar sai ka rasa wurin sa ƙafa a matattakalar ƙofarsa. Direban tasi yana kallon ƙwallo yana zagin mai tsaron gida, mai kitso tana neman sabon yayi, malamar makaranta tana fama da jarrabawar ɗalibai. Ƙofa a buɗe, ana musu, Baba yana tsoma baki daga kan gado. Ya sani sarai ba don kyan fuskarsa suke zuwa ba. Ko a jikinsa.

Illar ɗaya ce: in Auta ta kira, sai fuskarta ta daskare, murya ta yi ta yankewa. Da aiki ya biyo da mijinta ta garin, ya zo ya latsa wayarsa ya kama baki.

"Baba, waya goma sha tara ce a kan layinka! Ai duk mai wannan lambar zai iya yi maka ɓarna."

"Maƙwabta ne fa."

"Na sani, Baba, amma haƙuri za su yi."

Ya sauya lambar da wata doguwa mai haruffa barkatai, ya shigar a wayar Baba, ya share ta daga takardar da ya rubuta ta. Bai faɗa wa Baba ba, don Auta ta ja masa kunne. Sannan ya ɗora na'urar can saman kabad.

"Akwai ɗan rami a bayanta, kada a bari kowa ya tsokane shi. Ana tsokana, tsohuwar lambar za ta dawo."

Kunyar suruki ta hana Baba musa masa. Har albarka ya sa masa.

Washegari ya ji takun direba ya hawo, ya tsaya a inda ya saba, ya yi jim, ya sauka. Mai kitso ta leƙo ta ce, "Baba, ya jiki?" ba ta ko jira amsa ba. Ran na uku babu wanda ya hawo. Kaɗaici ya ishe shi, har ƙarar firji yake saurare kamar hira.

Kiran Auta kuwa ya fito tas.

"Alhamdu lillahi, yanzu ina ganinka sosai! Kai, Baba, haka ka rame? Idonka fa? Kuka ka yi?"

"Mura ce," in ji shi.

Minti goma suka yi, ta ce girki na ƙonewa. Saura awa ashirin da uku da minti hamsin.

Ya daɗe yana kallon 'yar koriyar fitilar na'urar a saman kabad. Ya lallaɓa ya zaro allura daga jikin hularsa, inda ya saba soke ta shekara arba'in. Daidai ramin take, ko tantama babu. Tsakaninsa da kabad taku huɗu ne, likita kuwa ya ce ko ɗaya kada ya kuskura.

"Wa ke nan waje?" ya ɗaga murya.

Babu kowa.

Ya cije allurar a leɓe kamar yadda yake yi a shago, ya dafa bakin gado, ya sauke ƙafarsa mai lafiya. Simintin da sanyi ƙalau.